Wat Nawa Ne a Kan Kwano? Auna Aikin Farantan Sola Cikin Zafin Bazara da Ƙurar Hunturu

Tsakure

Kowane farantin sola yana zuwa da takarda manne a bayansa wadda ke faɗin wat nawa zai bayar. A ɗakin gwaji aka samo wannan lamba, cikin yanayin da da wuya a gamu da shi a kan rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Wannan maƙala ta duba yadda ake auna abin da faranti ke bayarwa a fili, ta kuma nuna cewa ma'aunin da duniya ta fi dogara da shi, in aka ɗauke shi shi kaɗai, yakan cakuɗa asara iri uku wuri guda: ta zafi, ta ƙura da ta tsufa. Kowace da maganinta, kowace kuma da wanda ya kamata a tuhuma a kanta. Maƙalar ta kawo hujjar cewa a yankin Sahel awon da bai rarrabe waɗannan asarori ba ɓatar da mai karatu yake yi, sannan ta ba da shawarar hanyar awo mai araha wadda jami'o'i da kwalejojin fasaha za su iya ɗorewa a kanta shekaru da dama.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin farko a Afrilun 2024, sola ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan masarufi. Mai shagon cajin waya, mai sayar da ruwan sanyi, manomin rani da ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse, asibitin karkara da ke ajiye allurar rigakafi a firji, duk sun ɗora faranti a sama. Cibiyar Ember ta ƙiyasta cewa a cikin watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantan da suka haura megawat 1,700 daga ƙasar Sin, abin da ya sa ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Akwai kuma manyan tashoshi: ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, ta megawat 10 da ke Kumbotso a Kano wadda aka buɗe a farkon 2023, ta megawat 7 a Malbaza da ta megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai, duka biyun a Jamhuriyar Nijar.

Tare da wannan bunƙasa akwai wani koke da duk mai haɗa sola ya gaji da ji: an sayi faranti mai wat 550, ga rana tana dukan ƙwal, amma allon inbata bai taɓa nuna ko 400 ba. Mai gida ya ce an cuce shi, mai haɗawa ya ce laifin ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwa ya ce haka ya sauke daga kwantena. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu ne ke da gaskiya, wani lokaci babu wanda ya yi wa wani ha'inci. Ba a iya raba wannan gardama sai da awo, kuma irin awon da ake yi shi ne batun wannan maƙala.

2.0 Inda lambar bayan faranti ta samo asali

Lambar da ke kan takardar an auna ta ne a ƙarƙashin sharuɗɗa uku da injiniyoyi ke taƙaita sunansu da haruffan STC. Na farko, hasken da ke sauka ya zama wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Na biyu, ɗumin ƙwayoyin silikon da ke cikin farantin ya tsaya a digiri 25 na ma'aunin Salsiyos. Na uku, launukan hasken su yi daidai da na ranar da ta ratso iska mai kaurin ninki ɗaya da rabi, wato ranar da ta karkata da kimanin digiri 48 daga tsakar ka. An zaɓi wannan sharaɗi na uku ne don ya dace da matsakaicin yanayin Amurka. A masana'anta fitila ce ke walƙawa a kan farantin na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a ɗaki mai sanyi, kafin silikon ya samu damar ɗumama.

Babu aibi a cikin wannan. Manufarsa ita ce a samu mudu ɗaya da za a auna kayan kowace masana'anta da shi, kuma ya cim ma manufar. Matsalar tana tasowa ne in aka ɗauki mudun a matsayin alkawari. Sharaɗi na farko da na biyu ba sa haɗuwa a fili sai nadiran: hasken da ya kai wat 1,000 shi ne kuma ke gasa farantin. A ƙasar Jamus ana iya dacewa da su a wata tsakar rana mai sanyi da iska a watan Maris. A Sakkwato kuwa, lokacin da silikon yake digiri 25 shi ne da sassafe, sa'ad da rana ba ta yi ƙarfin a zo a gani ba.

Gwaje-gwajen juriya ma suna da irin wannan tarihi. Tushensu yana komawa ga aikin da cibiyar JPL ta Kalifoniya ta yi daga 1975 zuwa tsakiyar shekarun 1980, wanda daga baya ya haifar da ƙa'idar IEC 61215 a 1993. A cikinta ana juya faranti tsakanin digiri 40 ƙasa da sifiri da digiri 85 har sau 200, ana kuma ajiye shi awa 1,000 a cikin zafin digiri 85 da laima kashi 85 cikin 100. Gwaji ne na tace kayan da aka ƙera da sakaci, ba ya faɗin shekarun da faranti zai yi. Sai a 2020 hukumar IEC ta fitar da IEC TS 63126, wadda ta tanadi ƙarin gwaji ga farantan da za su riƙa aiki a sama da digiri 70. Zan so a yi wani bincike a kasuwanninmu a ga ko akwai mai sayarwa da aka taɓa tambayarsa wannan takardar shaida.

3.0 Asara ta farko: zafi

Silikon ba ya son zafi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25, farantin yana rasa wani kaso na ƙarfinsa, yawanci ta hanyar faɗuwar bolt. Tsofaffin farantai masu launin shuɗi suna rasa kashi 0.4 zuwa 0.45 cikin 100 a kowane digiri. Baƙaƙen da suka cika kasuwa a 'yan shekarun nan suna rasa kimanin 0.35, sababbin ƙira kuma sun sauko zuwa wajen 0.3 ko ƙasa da haka. Wannan adadi yana cikin takardar bayanin kowane farantin kirki, amma da wuya mai saye ya dube shi, alhali a wurinmu ya fi bambancin wat goma ko ashirin muhimmanci.

Bari mu yi lissafin misali. Masana'antu sukan ba da wata lamba ta biyu: ɗumin da silikon ke kaiwa idan haske yana wat 800, iskar waje tana digiri 20, kuma tana kaɗawa mita ɗaya a daƙiƙa. Ga yawancin farantai lambar tana wajen digiri 45. Ke nan haske mai wat 800 yana ɗora digiri 25 a kan zafin gari. Mu ɗauki azahar ɗin wata rana a Afrilu, zafin gari 42, haske wat 900. Ƙarin da hasken zai kawo ya kai digiri 28, silikon ya tashi a 70. Ya zarce ma'aunin ɗakin gwaji da digiri 45. A ninka da 0.35, asara ta kusa kashi 16 cikin 100. Farantin wat 550, da hasken da ya gaza da kashi 10 da wannan asarar zafi, zai ba da wat 417. In muka ƙaddara ƙura ta tare kashi 10, saura 375. Waya da inbata su ci kashi 5, a ga 356 a allo. Babu abin da ya lalace, babu wanda ya yi ƙarya, amma fiye da sulusin lambar ya tafi.

Kuma lissafin nan ya yi wa rufinmu sassauci, domin lambar 45 ɗin ta farantin da aka kafa a kan ƙarafa ne iska na ratsa bayansa. A gidaje da yawa kwantar da faranti ake yi a jikin kwano, babu tazarar da hannu zai shiga. Masu haɗawa suna da hujjarsu: guguwar farkon damina takan yi awon gaba da farantin da aka ɗaga, ɓarawo ma ya fi samun sauƙin kwance shi. Sai dai an gudu wa gara an faɗa wa zago, don kwanon da ya sha rana yana mayar wa farantin zafi daga ƙasa. Tazarar santimita 10 zuwa 15 tana rage wannan sosai. Duk rahoton awo da bai faɗi yadda aka kafa farantin ba, ba za a iya kwatanta sakamakonsa da na wani ba.

Abin lura game da asarar zafi shi ne tana tafiya da kanta. Gari ya yi sanyi, ƙarfin ya dawo. Shi ya sa famfon sola kan fi ƙwazo da hantsin Janairu a kan azahar ɗin Afrilu, abin da manoman rani suka lura da shi tun kafin mu rubuta.

4.0 Asara ta biyu: ƙura

Ƙurar hunturu tana da gida. Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi garin ƙasa mai laushi. Masana yanayi suna ɗaukar wurin a matsayin mafi girman maɓuɓɓugar ƙura a duniya, mu kuma muna daidai kan hanyarta daga Nuwamba zuwa Maris.

Ƙurar tana yi wa sola illa ta hanyoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Wadda ke rataye a sama, wato hazo, tana rage hasken da ke isowa tana kuma warwatsa shi. Wannan ba laifin faranti ba ne, kuma wanki ba ya maganinsa. Wadda ta sauka a kan gilashi ita ce asarar da ake wankewa. Wani nazari da aka buga a mujallar Joule a 2019 ya ƙiyasta cewa dattin gilashi ya cinye kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na wutar solar duniya a 2018, asarar da ta kai Yuro biliyan 3 zuwa 5. Wannan matsakaici ne da ya haɗa da ƙasashen da ruwan sama ke wanke farantansu duk mako. Mu da kan yi wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa, matsakaicin duniya ba namu ba ne.

A nan yanayin ƙasa ya yi mana tsiya ta wata fuska. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato 13, Agadas wajen 17. Lissafin haske yana cewa a karkata faranti daidai da wannan adadi, ya fuskanci kudu. Ƙaramar karkata ke nan, kuma farantin da ya kusa kwanciya shi ne tabarmar ƙura. Ƙari a kan haka, a Kano rana tana tsayawa daidai tsakar ka a ƙarshen Afrilu da kuma wajen 20 ga Agusta, tsakanin lokutan biyu kuma tana bi ta arewa, don haka ƙara karkata zuwa kudu yana jawo asara a damina. Wace karkata ce ta fi riba in aka haɗa lissafin haske da na ƙura? Manhajar kwamfuta ba za ta amsa ba sai an ciyar da ita da awon ƙurar wurin.

Ƙura kuma ba ta kwanciya bai-ɗaya. Takan taru a gefen ƙasa na firam, musamman bayan yayyafin da bai isa ya wanke ba sai dai ya dama. Ƙwayoyin faranti a jere ake haɗa su kamar carbi, wadda aka rufe wa haske ita ce ke ƙayyade abin da sauran za su wuce da shi. Layin laka mai faɗin yatsa biyu, ko kashin tsuntsu, ko ledar da iska ta maƙale, na iya jawo asarar da ta ninka girman wurin da ta rufe. Ƙwayar da aka rufe takan koma tana shan wutar 'yan'uwanta tana yin zafi, har ta ƙona bayan farantin. A nan asarar da ake wankewa ta rikiɗe ta zama wadda ba ta dawowa.

Wankin ma da sauran magana. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin tabo da ya fi ƙura naci. Watsa ruwan sanyi a gilashin da ya gasu da tsakar rana ganganci ne. Goge busasshiyar ƙura da tsumma mai kaushi yana kankare siririn shafen da aka yi wa gilashin don rage ƙyalli. A gaɓar tekun Fasha raɓar dare tana sa ƙura ta daskare kamar siminti. A hunturunmu iska ta bushe ƙayau, raɓa ta yi ƙaranci, saboda haka akwai dalilin zaton burushi mai laushi ba tare da ruwa ba zai yi aiki a nan fiye da can. Zato ne da ya cancanci gwaji, ba a kwafo jadawalin wanki daga Doha ba.

5.0 Asara ta uku: tsufa

Wannan ita ce ba ta dawowa. Robar da ke lulluɓe ƙwayoyi tana yin ja, bayan faranti yana tsattsagewa, dalmar haɗi tana gajiya da miƙewa da tsukewa, ƙananan tsaga suna yaɗuwa a cikin silikon. A 2013 Jodan da Kurtz na cibiyar NREL ta Amurka sun tattara awo kusan 2,000 daga sassan duniya, suka samu cewa adadin tsakiya shi ne raguwar kashi 0.5 cikin 100 a shekara, matsakaici kuma 0.8. Tsohon garantin nan na kashi 80 bayan shekara 25 ya yi daidai da wannan. Tashar TISO mai kilowat 10 da aka kafa a kudancin Suwizalan a 1982 an bi diddiginta sama da shekara 35, shi ya sa masu bincike ke komawa gare ta har yau. Amma mafi yawan irin waɗannan bayanai daga ƙasashe masu sanyi suka fito. Binciken da Cibiyar Fasaha ta Indiya da ke Bombai ta jagoranta a faɗin ƙasar ya nuna cewa farantan yankuna masu zafi sun fi saurin raguwa, kuma ƙananan haɗe-haɗe na kan rufi sun fi manyan tashoshi shan wahala. Dalilin sananne ne a ilimin sinadarai: a bisa ƙiyasi, ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar irin waɗannan kayan.

Wahalar auna tsufa ita ce ƙanƙantarsa. Ana neman canjin rabin kashi ɗaya a shekara da na'urar auna haske wadda kuskurenta kan kai kashi 2 zuwa 5. Awon wata uku ba zai nuna shi ba, na shekara ɗaya ma haka. Dabarar da ta fi aminci ita ce a kwatanta kowace rana da takwararta ta shekarar da ta gabata, domin yanayi ya soke kansa, kuma wannan yana buƙatar bayanan aƙalla shekara biyu, gara ma biyar. In na ga kundin ɗalibi ya ce ya gano saurin tsufan faranti da awon mako shida, na san ƙura ya auna, ko zafi, ko kuskuren mitarsa. Laifin ba na ɗalibin ba ne. Tsarin digiri ne ba ya jiran faranti ya tsufa.

6.0 Yadda ma'auni ɗaya ke ɓoye uku

Ma'aunin da ƙa'idar IEC 61724 ta kafa, wanda ake kira da haruffan PR, zan kira shi kason ƙwazo. Ana raba wutar da tasha ta bayar da wutar da za ta bayar da a ce ta yi aiki daidai da lambar bayanta a ƙarƙashin hasken da aka samu. Rahotannin cibiyar Fraunhofer sun nuna tashoshin Jamus sun tashi daga kimanin kashi 70 kafin shekarar 2000 zuwa tsakanin 80 da 90 a yanzu. Ma'auni ne mai amfani, bankuna da 'yan kwangila da shi suke yarjejeniya. Amma a yanayinmu yana da tarkuna, ga na farko.

Mu koma ga farantinmu na misali. A Janairu, zafin gari 28, haske wat 800 saboda hazo, silikon yana 53, asarar zafi kusan kashi 10. A Afrilu kashi 16. Tashar da ake wankewa kullum za ta nuna faɗuwar maki shida tsakanin watannin biyu ba tare da ko ƙusa ta kwance ba. Tashar da ake wankewa duk mako biyu za ta iya nuna adadi kusan iri ɗaya a watannin biyu, domin ƙurar Janairu ta cike gurbin zafin Afrilu, sai mai dubawa ya ce lafiya lau alhali akwai wutar da tsintsiya za ta ceto. Wadda ba a wankewa ko kaɗan kuwa, asarorin biyu za su hau kan juna a ƙarshen rani, a ɗauka farantan sun mutu. A Agusta kuma, gilashi fes, gari da sanyi, kason ƙwazo zai kai ƙololuwarsa a daidai lokacin da gajimare ya sa mai gida ke kukan batir ba ya cika.

Akwai gyararren nau'in ma'aunin da ke cire tasirin zafi, kuma bugun 2017 na ƙa'idar ya karɓe shi. Shi ya kamata ya zama abin amfani a nan. Amma yana buƙatar a manna ma'aunin zafi a bayan faranti, a tsakiyar ƙwaya, a riƙa duba ko gam ɗinsa bai saki ba.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Na'urar auna haske, firanomita, ita ma ƙura tana sauka a kanta. In ta yi datti za ta ce haske kaɗan ne ya zo, sai lissafi ya nuna farantan sun yi ƙoƙari. Mai awo da abin awo sun yi datti tare, asara ta ɓace daga takarda. Masu gudun wannan sukan koma ga bayanan tauraron ɗan'adam irin na PVGIS ko NASA POWER, waɗanda kyauta ne kuma sun isa a tsara aiki da su. Sai dai ƙiyasin haske daga sama ya dogara ne da sanin yawan ƙurar da ke iska, kuma a nan ne ya fi rauni. Tashoshin ƙasa da ake gyara ƙiyasin da su, irin na AERONET da ke Ilori da Banizumbu, tsiraru ne a faɗin yanki mai girma haka.

Tarko na uku ya shafi mafi yawan solar da ke hannun jama'armu, wadda ba ta haɗe da layin wutar gwamnati. In batir ya cika da ƙarfe ɗaya na rana, kwantirola tana rage abin da take karɓa, farantai su zauna ba aiki. Kason ƙwazo zai faɗi ƙasa warwas, amma abin da ya nuna shi ne batir ya yi ƙanƙanta ko kayan da ke jan wuta sun yi kaɗan. Haka kuma kwantirola mai araha, irin ta PWM, tana janyo bolt ɗin faranti ya sauko zuwa na batir, ta zubar da wani kaso da nau'in MPPT zai kama. Ma'aunin da aka ƙera don tashar da ke zuba duk wutarta a layi ba ya yi wa irin wannan haɗi adalci, sai an ware sa'o'in da batir yake cike.

7.0 Idan lambar ce kanta ƙarya

Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa takardar bayan farantin gaskiya ta faɗa. A kasuwar da gwanjo da sabo ke jingine a bango ɗaya, ba kullum haka yake ba. Gwajin da ake yi wa mai saye a bakin shago, a soka mita a wayoyi biyu ta nuna bolt 40 da wani abu, ba ya tabbatar da komai, domin bolt ɗin farantin da ba a ɗora wa kaya ba yakan kusa cika ko da haske kaɗan ne, ko da farantin ya gaji. Ninka wannan bolt da amfiyar da ake samu in an haɗe wayoyin biyu shi ma ba ƙarfin faranti ba ne. Ƙarfin gaskiya yana wajen kashi 75 zuwa 80 na abin da ninkin ya bayar, in farantin lafiyayye ne. Tef ɗin tela ya fi mitar nan tona asiri. Farantan kasuwa masu kyau suna ba da wat 210 zuwa 230 a kowace murabba'in mita, shi ya sa na wat 550 ke da tsawon kusan mita 2.3 da faɗin mita 1.1. Farantin da bai wuce murabba'in mita ɗaya da rabi ba aka rubuta masa 500, ba a buƙatar ɗakin gwaji kafin a san an sake masa takarda.

8.0 Shawarar tashar awo mai araha

Abin da nake ba da shawara ba sabon ilimi ba ne, juriya ce. A samu farantai huɗu iri ɗaya daga kwali ɗaya. A auna kowanne da na'urar zana dangantakar bolt da amfiya kafin a kafa, a mayar da sakamakon zuwa sharuɗɗan ɗakin gwaji bisa ƙa'idar IEC 60891. Wannan shi ne zai nuna ko lambar baya gaskiya ce. A ajiye ɗaya a ɗaki cikin duhu ya zama shaida. A kafa biyu kafaɗa da kafaɗa a kan ƙarafa, ɗaya a goge shi kowace safiya, ɗaya a bar shi sai ruwan sama. Bambancinsu shi ne asarar ƙura, ba ruwansa da hazo ko zafi tunda tare suke sha. Na huɗu a kwantar da shi a jikin kwano kamar yadda ake yi a gari, a riƙa goge shi. Bambancinsa da na kan ƙarafa da ake gogewa shi ne kuɗin da mutane ke biya don tsoron guguwa da ɓarawo. Sau biyu a shekara a fito da na ɗaki a jera shi da na kan ƙarafa da ake gogewa a rana ɗaya, bayan an bar su sun daidaita a ɗumi. Tazarar da ke buɗewa tsakaninsu ita ce tsufa.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da jami'o'in Kano da Maiduguri da Zariya da Yamai da Maraɗi da Damagaram, za su iya zama layi ɗaya daga inda ƙura ta fi kauri zuwa inda take sirancewa, muddin sun yarda da karkata ɗaya, lokacin goge ɗaya, da tsarin rubuta bayanai ɗaya da kowa zai iya buɗewa ya gani. Na'urar adana bayanai ta rubuta duk minti ɗaya ko biyar. Amma a ajiye littafin hannu a gefenta, wanda mai goge faranti zai rubuta ranar da ya yi fashi, ranar da hazo ya rufe gari, ranar da aka ƙona shara a bayan katanga. Albashin wannan ma'aikaci ya kamata ya zo a saman kasafin kuɗi, gaban kuɗin firanomita, domin in ya daina zuwa duk bayanan sun zama shirme.

Su ma masu sola a gida da masu haɗawa suna da gwaji ɗaya da Allah ke kawowa kyauta kowace shekara. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, in hadari ya fara haɗuwa, a rubuta wat ɗin da inbata ke nunawa da ƙarfe sha biyu na rana mai haske, a lokacin da batir bai cika ba, a kan farantan da ba a wanke ba tun kaka. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, wanda ya isa ya gudana daga indararo, a sake rubutawa a sa'a ɗaya a rana ta farko da gari ya washe. Ruwan zai ɗan sanyaya gari, don haka a rubuta zafin ranakun biyu a cire kashi 0.35 a kan kowane digiri na bambanci. Abin da ya rage shi ne kimanin abin da ƙurar rani ta riƙa ci a kan wannan rufin.